Shingen da Ya Wuce Mita Biyu

Kafin ciwon mantuwa ya kama Osmanu, aikinsa hawa sama ne. Yana cikin masu ɗaura ƙarafan nan da magina ke takawa su kai ƙololuwar bene. In suna cikin bas tsakanin Deptford da Woolwich yakan taɓa gwiwar matarsa Amamata ya nuna mata wani dogon gini ta taga, ya ce, "Wancan, ni na kai shi sama." Daga zangon Kumasi suka zo London tun da sauran ƙuruciyarsu. Suka haifi 'ya ɗaya, Fauzia, suka aurar da ita can Leeds, suka mallaki ɗan gidansu a Thamesmead mai fili kaɗan a baya.

Ciwon da ƙananan abubuwa ya fara. Takalmi a cikin firij, sallar la'asar sau biyu. Daga baya ya kwashe masa Turanci kaf, ya bar shi da Hausar zango da ya tashi da ita. Abin da ciwon bai taɓa ba shi ne jiki. Kai ya tafi, amma kafaɗun nan da damatsan nan suna nan yadda ƙarfe ya gina su, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. Amamata ta bar wa wata ƙawarta rumfarta ta kayan miya a kasuwar Deptford, ta dawo gida ta zauna da shi.

Gidan da ke manne da nasu ya daɗe a rufe bayan rasuwar tsohuwar Baturiyar da ke ciki. Ranar da Amamata ta ji ana Hausa ta bayan shingen katakon da ya raba filayen biyu, tana cikin shanya, sai da ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu ta kasa kunne. Hausar Kano ce tatacciya. Dokta Nuruddeen likitan ƙashi ne a wani asibiti a tsakiyar gari, matarsa kuma Hajiya Shafa'atu, 'ya'yansu duk sun girma sun watse. Sun sayi gidan ne saboda filinsa na baya ya fi na kowa girma a layin.

Amamata ta yi murna har cikin ranta. Ta dafa shinkafa da wake irin na Gana, da yajin shito, ta rufe a kwanon da take ajiyewa don baƙi, ta kai.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ka zo lafiya?"

A Hausar zango mace da namiji duk "ka" ne da "ya", kuma Amamata ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Shafa'atu ta dube ta daga ɗankwali har silifas, ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Na zo lafiya, Mama. Ashe 'yan Gana ne. Allah Ya yi albarka."

A bakin ƙofa ta karɓi kwanon. Bayan kwana biyu aka dawo da shi a wanke, an ajiye a kan dakalin ƙofar Amamata ba tare da an ƙwanƙwasa ba.

Da sanyi ya ja baya sai injin haƙa ya shigo filin maƙwabtan. Aka yi ta tono, ana zuba siminti, ana manna shuɗin tayil. Wurin ninƙaya Dokta ya gina, har da injin ɗumama ruwa. Osmanu ya kafa kujera a tagar ɗakin sama yana kallon aikin tun daga safe, wani lokaci ya gyaɗa kai, wani lokaci ya yi tsaki in ya ga lebura ya ɗauki abu ba daidai ba. Amamata har daɗi ta ji, don ya samu abin da zai zaunar da shi.

Ranar da aka cika ramin da ruwa, ya sauko da sauri yana lalube a ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

"Maigida, me ka ke nema?"

"An kawo ruwa," ya ce. "Mma yana jira. Ina bokiti?"

Mahaifiyarsa ta rasu tun kafin a haifi Fauzia. Amma a zangon da ya tashi, in famfon unguwa ya kawo ruwa kowane yaro da gudu yake fita da bokiti, kuma can Osmanu yake zaune yanzu. Ta lallashe shi, ta ba shi shayi, ya manta. Ita ma ta ɗauka maganar ta wuce.

Washegari tana banɗaki ta ji ihu. Ta fito da gudu bayan gida, ba Osmanu. Shingen ya fi ta tsawo nesa, sai da ta jawo kujera ta hau ta leƙa. Ga shi can tsugune a bakin ruwan, bokiti cike a gefensa, yana alwala a natse. Ya kurkure baki ya furzar a cikin ruwan. Shafa'atu na tsaye a ƙofar kicin ɗinta tana riƙe da waya, tana kururuwa kamar ta ga maciji.

Amamata ta zagaya ta ƙofar gaba, ta shiga tana ba da haƙuri tun daga falo. Ta kama hannunsa. Ya ƙi sakin bokitin, haka suka ratsa gidan mutane ruwa na zuba a kan kafet.

"Wannan ai ƙazanta ce," in ji Shafa'atu a bayansu. "Yawu fa! Sai an kwashe ruwan nan duka. Ke ba ki san inda ake kai irinsu ba?"

Da yamma, da ta ga motar Dokta ta dawo, Amamata ta yafa mayafi ta koma. Ya saurare ta a tsaye, jakarsa a hannu. Ta yi masa bayanin ciwon, ko da yake ta san ya fi ta sani. Ta ce mijinta bai iya ruwa ba, ko kaɗan. Ta roƙe shi, don Allah don Annabi, ya kewaye ruwan da ɗan shinge mai ƙofa da makulli.

"Mama," ya ce cikin sanyin murya irin ta asibiti, "na duba komai kafin na yi ginin nan. Nan gidana ne, ba otal ba. Ba wata doka ta council da ta ce sai na kewaye pool ɗina. Ba mu da ƙaramin yaro a gidan nan. Ga shinge kuma a tsakaninmu. Wanda ya haura shinge shi ke da laifi."

"Dokta, bai san laifi ba."

"To, ke kin sani. Ki tsare shi."

Ta tsare shi iya ƙoƙarinta. Ta kwashe kujeru da kwandon shara daga jikin shingen. Bai hana komai ba. Ta gan shi da idonta wata safiya, ya ɗora tafin hannu a saman katakon, ya dafa ƙafa ɗaya a jikin ginshiƙi, sai ga shi a sama kamar wanda aka ɗaga. Da ƙyar ta riƙo ƙafar wandonsa.

Sai ta kira Wahabu, kafinta ɗan Tamale da suka yi aiki tare da Osmanu shekaru da yawa. Wahabu ya zo ya tsaya yana kallon shingen, yana kallon tsohon abokinsa da ya gaishe shi da fara'a bai gane shi ba.

"Mma Amamata, wannan mutum, in ba a yi masa abin da hannunsa ba zai kai ba, aikin banza ne."

Ya ƙara dogayen ginshiƙai, ya buga katako mai santsi a kai, ya karkato da samansa ciki ta yadda ba wurin kamawa. Da ya gama, shingen ya kusa kai tagar ɗakin sama. Ba kyau, ita ma ta sani. Amma Osmanu ya fito da bokitinsa, ya miƙa hannu, ya yi tsalle, ya zagaya, ya auna abin da ido irin na ma'aikaci, sannan ya ce, "An yi aiki." Ya kifa bokitin ya zauna a kai.

Wannan bazarar ita ce hutun da Amamata ta samu. Tana iya yin wanka ba tare da ta bar ƙofa a buɗe ba. Tana iya yin sujada ta daɗe. Osmanu yakan wuni a filin yana kwance igiyar shanya yana sake ɗaure ta, ƙulli mai kyau, yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Matsalar ita ce rana. Da la'asar, lokacin da Shafa'atu ke son zama a bakin ruwa da ƙawayenta, inuwar sabon shingen takan kwanta a kan rabin wurin ninƙayar. Kuma duk hoton da aka ɗauka sai wannan baƙin katako ya fito a baya. Shafa'atu ba ta zo ta yi magana ba. Abin da ya zo shi ne wani saurayi Bature daga council, wato ƙaramar hukumar yankin, da kati rataye a wuya da tef ɗin awo.

Yana da ladabi. Ya goge takalminsa kafin ya shiga. Ya ja tef ɗin, ya ɗauki hoto, ya ce mata an kai ƙara. Ƙa'ida ita ce shingen bayan gida kada ya wuce mita biyu sai da izini, nata kuwa ya wuce sosai. Ko ta rage shi, ko ta nemi izinin da ya kamata ta nema tun farko.

Ta nuna masa Osmanu, wanda ke bin tef ɗin da ido yana son ya taya shi riƙewa. Ta yi masa bayani da Turancinta na kasuwa, ta nuna ruwan. Saurayin ya ce ya gane, kuma ya ji tausayi ƙwarai, amma ruwan ba sashensa ba ne. Shi shinge aka turo shi ya duba.

Fauzia ce ta cike takardun neman izinin daga Leeds, ta haɗa da shaidar likita. A waya Amamata na yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, ga kukan jaririnta a baya. Ta ce council za ta tambayi maƙwabta ra'ayinsu. In maƙwabta ba su ƙi ba, akwai dama.

Don haka Amamata ta sake yafa mayafi. Ta yi rashin sa'a, Shafa'atu na da baƙi, mata uku a bakin ruwa da faranti na gasasshen nama. Ta so ta juya, Shafa'atu ta ce ta ƙaraso, ai ba baƙi ba ne. Amamata ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi wa wata mace ba tun da ta bar gidan iyayenta: ta durƙusa a kan tayil.

"Hajiya, ka taimake ni. Council zai tambaye ka. Ka ce ba komai. In an sauke shingen nan, mijina zai mutu a ruwan nan."

Shafa'atu ta juya wurin ƙawayenta. "Kun ji ko? 'Hajiya, ka taimake ni.' Ni ce 'ka'. Wata rana ma Alhaji za ta kira ni." Ɗaya ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ɗaya ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta.

"Tashi, Mama, kada gwiwarki ta yi ciwo. Ni fa ban ce a sauke miki komai ba, doka ce ta ce. Ƙasar nan ba zango ba ce da kowa zai buga abin da ya ga dama. Kin mayar mana da gida kamar gidan yari. Kuma gaskiya, tsakani da Allah, ba tausayinsa kike ji ba. Da kina jin tausayinsa da tuni kin kai shi inda masu aikin suke."

Amamata ta dafa ƙasa ta tashi. Ba wadda ta miƙa mata hannu. Tana fita ta ji an ce, "Ku ci naman nan kafin ya huce."

Maƙwabtan sun rubuta ƙin amincewarsu, da hotunan inuwa. Council ta ƙi ba da izini. Ta ce ta duba lalurar mai gidan, amma tsawon ya yi yawa kuma yana danne filin maƙwabci. Aka ba ta wa'adin da za ta rage. Fauzia ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma jaririnta ya kwanta asibiti a wannan tsakanin, maganar ta bi ruwa, wa'adi ya cika.

Wahabu ne ya zo ya sauke abin da ya gina. Osmanu kuwa murna ya yi da ganin aiki, yana karɓar katako yana jerawa a gefe da kyau, manya da manya, ƙanana da ƙanana.

Daga ranar Amamata ta kulle ƙofar baya ta rataye makullin a wuyanta. Ta sa Wahabu ya ɗaure tagogin ƙasa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a sarari, iska na kaɗa shi a saman gari, ya koma zagaye tsakanin falo da kicin. Yakan tsaya a ƙofar baya ya yi ta jijjiga ta. Yakan bugi ƙofar da kafaɗa. Yakan kira mahaifiyarsa da ƙarfi, ya ce an kulle shi, ruwa zai ɗauke bai ɗiba ba. Bangon da ke tsakanin gidajen biyu ba shi da kauri.

Ba a jima ba wata mata daga sashen kula da manya masu lalura ta zo. Ta ce an kira su an ce ana kulle wani tsoho, yana ihu yana neman ceto. Ta zauna, ta sha ruwan da aka ba ta, ta dubi makullin da ke wuyan Amamata, ta dubi shatin da ƙofa ta yi wa kafaɗar Osmanu, ta rubuta. Ta tambayi Osmanu ko yana jin daɗin zama a nan. Bai ji Turancin ba. Ya dube ta ya ce da Hausa, "Ka zo buɗe mini?" Ta tambayi abin da ya ce. Amamata ba ta iya ƙarya ba, ta fassara mata. Matar ta rubuta wannan ma.

Ranar wata Asabar gidan Dokta suka yi walima, ƙaramin ɗansu ya gama jami'a. Motoci suka cika layin. Ƙamshin suya da hayaniya suka cika ko'ina, ana ta kiɗa. Osmanu ya kasa zama tun hantsi. Da azahar Amamata ta samu ya kwanta, ta ja masa bargo, ta sauko ta tayar da salla.

Ba ta ɗaure tagar banɗakin sama ba, don ƙarama ce, ba ta zaci kafaɗarsa za ta shiga ba. Ta nan ya fita, ya sauka a kan rufin kicin, ya taka saman shingen da bokiti a hannu. Waɗanda suka gani sun ce tafiya ya yi a kan katakon nan mai faɗin tafin hannu kamar a kan titi, har wasu samari suka fara tafi, sun ɗauka wasa ne aka shirya. Ya dira cikin taron. Ya ratsa mutane ya nufi ruwa, ya sunkuya zai ɗiba. Tayil ɗin a jiƙe yake.

Ta ji ƙarar faɗawar tana raka'a ta uku, sannan ihu, sannan wani abu da ya fi ihun muni, wato dariya. Ta sallame ta fita ba takalmi.

Kafin ta kutsa ta isa, wasu samari biyu sun jawo shi. Yana kwance a gefe da singileti da gajeren wando, yana amayar da ruwa, idanunsa a buɗe kamar na ƙaramin yaro. Dokta Nuruddeen ya durƙusa ya juya shi, ya duba numfashinsa, ya sa aka kira motar asibiti. Ya yi aikinsa daidai. Kewaye da su wayoyi ne a sama, ana ɗauka. Amamata ta cire mayafinta ta rufe shi.

"Na faɗa mata," Shafa'atu ke gaya wa mutane cikin ɓacin rai. "Wallahi na faɗa mata. Yanzu da ya mutu a nan mu za a ɗora wa. Ranar farin cikin yarona!"

Kafin magariba hoton ya zagaya wayoyin Hausawan London. Wani ya sa masa kiɗa. Ƙawar da ke riƙe mata rumfa a Deptford ta kira ta tana kuka, ta ce ta gani.

Ruwa ya shiga huhunsa, ya yi zazzaɓi mai zafi, ya daɗe a kwance. Da ya fara samun sauƙi aka kira taro a wani ƙaramin ɗaki a asibitin: likita, da matar nan da ta zo gida, da Amamata, da Fauzia a waya. Aka karanta komai dalla-dalla. Yana haura shinge. Akwai buɗaɗɗen ruwa a gidan da ke kusa. An kulle shi kuma bai hana ba. Mai kula da shi mace ce ita kaɗai, ta manyanta. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya zarge ta. Suka ce gidan ba shi da aminci a gare shi.

"Ku bar ni in mayar da shingen," ta ce. "Lokacin da akwai shingen, lafiya lau muke."

Matar ta ce wannan maganar wani sashe ce, kuma ta ga an riga an yanke hukunci a kai.

Gidan kula da tsofaffin da aka samar masa yana bayan gari, sai ta hau bas ta shiga jirgin ƙasa ta sake hawa wata bas. Wuri ne mai tsabta. Ma'aikatan ba mugaye ba ne. Amma ba mai jin Hausa ko ɗaya, shi kuma ba ya jin wani yare sai ita. A makon farko ya haura katangarsu, aka tsinto shi a bakin titi. Sai aka mayar da shi hawa na sama mai ƙofar da ba ta buɗuwa sai an danna lambobin sirri, aka ƙara masa magani don ya natsu.

Ya natsu. Duk zuwan da za ta yi sai ta tarar ya ƙara natsuwa. Yana zaune a kujera gaban talabijin, an sa masa rigar sanyin wani, hannayen nan a kan cinya sun yi laushi sun yi fari. Takan kawo tuwon masara da miyar kuɓewa a kula, ta ba shi a baki. Da farko yana ci yana ba ta labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa. Daga baya ya koma ci shiru. Ranar da ta gaishe shi ya ɗago ya dube ta yadda yake duban ma'aikatan, da ladabi da tsoro, ta shiga banɗakin baƙi ta kunna famfo don kada a ji ta.

Bazara ta sake zagayowa. Wata ranar Talata ta dawo daga wurinsa da kular da ko rabi bai ci ba, ta tarar da wata babbar mota a lungun bayan gidajen, an jingina manyan gilasai a jikinta. Shafa'atu na tsaye a ƙofar gidanta da waya a hannu. Tun ranar walimar ba su yi magana ba.

"A'a, Mama! Sannu da dawowa. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ga yanzu ai kin huta. Har fuskarki ta ciko, wallahi." Ta matso. "Dama ke nake jira. Jikata Ihsan za su zo daga Abuja su yi mana hutu, ta fara tafiya, ba ta zama wuri ɗaya. Shi ne Dokta ya ce a kewaye pool ɗin da gilas, mai ƙofa mai rufe kanta. Kin san yara da ruwa, abin tsoro ne. Na yi booking ɗin masu aikin tun wancan watan."

Amamata ta dube ta. Ta nemi wata alama a fuskar, ko ta kunya ko ta gangan. Ba ta ga komai ba. Fuska ce ta mace mai hidimar baƙi a gabanta.

"To, matsalar," Shafa'atu ta ci gaba, "gilasan ba za su bi ta cikin falo ba, kuma ɗakin injin ruwa ya toshe mana ƙofarmu ta lungu. Sai dai ta filinki. Sun ce in kin buɗe musu ƙofar lungu, za su zare katako ɗaya daga shingen su wuce da su, in sun gama su mayar. Ba za a daɗe ba."

Kular ta yi wa Amamata nauyi a hannu. Maganganu suka taso mata, na Hausa da na Turanci da na Asante da ta koya a kasuwa tana yarinya, duk suka cushe wuri ɗaya. Ta tuna ƙafafun jikanta na Leeds, yadda suke rawa in ya saki kujera.

"Shekararsa nawa?" ta tambaya.

"Wa? Ihsan? Mace ce, Mama. Ɗaya da 'yan watanni." Shafa'atu ta yi dariya. "Ke dai da Hausarki."

Amamata ta shiga gida, ta ajiye kular a kicin, ta fita filin baya ta zare sakatar ƙofar lungu. Ƙofar ba ta tsayawa da kanta, sai an riƙe. Ta tsaya ta riƙe ta. Ma'aikata biyu suka shigo da gilashin farko a tsakaninsu, suna takawa a hankali. Na gaban ya ce mata ta ɗan matsa, ta matsa.